Gasar Faifan Bidiyo Mai Hoto Garau, 2002–2008: Tsokaci a Kan Tarihin Zaɓen Na'urar Kallo da Lokacin Sayenta

1.0 GABATARWA

Tsakanin shekarar 2006 da farkon 2008, duk magidancin da ya shiga kantin kayan lantarki a Amurka ko Japan ko Turai da niyyar sayen sabuwar na'urar kunna faifan bidiyo, yakan tarar da iri biyu an jera su a kanta ɗaya. Ɗaya ana ce da ita Blu-ray, ɗayar kuwa HD DVD. Faifayensu girma ɗaya gare su, watau faɗin santimita 12, hoton da suke fitarwa kuma da wuya ido ya rarrabe tsakaninsu. Amma faifan wannan ba ya kunnuwa a cikin waccan, kuma finafinan da ake samu a kan wannan ba dole ne a same su a kan waccan ba. Kowa ya san ɗayansu zai mutu, sai dai ba wanda zai iya rantsewa kan wanne ne.

Manufar wannan takarda ita ce mu bi diddigin wannan gasa daga tushenta, domin mu ga abin da za ta koya mana game da tambayoyi biyu da ke damun mai sayen kayan nishaɗin gida: wace na'ura zai zaɓa, kuma yaushe ya kamata ya fitar da kuɗinsa? Abin da muke son tabbatarwa shi ne, na'urar kunna faifai ba ta da wata daraja ita kaɗai. Darajarta tana rataye ne a wuyan wasu mutane da mai saye ba ya gani, watau masu shirya finafinai, da masu buga faifai, da manyan 'yan kasuwa, da kuma maƙwabtan da zai yi aron faifai a wurinsu. Saboda haka alamomin da ke nuna lokacin saye a wajen na'urar ake neman su.

A duk inda muka ce "hoto garau" muna nufin hoton da ke da ɗigo 1,920 a kwance da layi 1,080 a tsaye, watau ɗigo sama da miliyan 2. Wannan ya ninka na faifan DVD irin wanda ake amfani da shi a Turai da Nijeriya sau biyar. Kalmar "tsari" kuwa za mu yi amfani da ita da ma'anar ƙa'idojin da kamfanoni suka amince da su wajen ƙera faifai ko kaset da na'urar da za ta karanta shi.

2.0 WAIWAYE: BETAMAX DA VHS

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Ba za a fahimci abin da ya faru a 2006 ba sai an koma shekara talatin baya. A watan Mayu na 1975 kamfanin Sony na Japan ya fitar da rikodar bidiyo ta gida mai suna Betamax. A watan Satumba na 1976 kuma kamfanin JVC ya fito da tasa mai suna VHS. Kaset ɗin Betamax ya fi ƙanƙanta, kuma da yawa daga cikin ma'aikatan talabijin na wancan lokaci sun ɗauka cewa hotonsa ya ɗan fi kyau. Sai dai na farkonsa awa ɗaya kacal yake ɗauka, alhali na VHS yana ɗaukar awa biyu. Da kamfanin RCA ya kai VHS Amurka a 1977, sai ya nemi a ƙera masa na'ura mai iya naɗar awa huɗu, domin wasan ƙwallon Amurkawa yakan ci kimanin awa uku, kuma mai rikoda yana son ya naɗe shi duka a kaset ɗaya.

Bayan tsawon lokacin naɗi, akwai dalili na biyu wanda masana irin su Michael Cusumano da abokan bincikensa suka ba muhimmanci a nazarin da suka buga a 1992. JVC ya saki hannu wajen ba wasu kamfanoni izinin ƙera VHS. Matsushita, wanda a lokacin shi ne uwar kamfanin JVC, da Hitachi da Mitsubishi da Sharp duk suka shiga, sai na'urorin suka yawaita, farashi ya sauko. Daga nan sai shagunan hayar kaset suka bayyana. Mai shago yana duba irin na'urar da ta fi yawa a unguwarsa ya cika kantarsa da kaset ɗinta. Sabon mai saye shi kuma yana duba kantar mai shago ya sayi na'urar da ta fi yawan finafinai. Da haka ƙaramin rinjaye ya yi ta haihuwar babba. A 1985 masana tattalin arziki biyu, Michael Katz da Carl Shapiro, suka yi bayanin irin wannan hali, inda amfanin kaya ga mai shi ke ƙaruwa gwargwadon yawan waɗanda suka mallaki irinsa. A 1988 Sony da kansa ya fara ƙera na'urar VHS.

Abin lura a nan shi ne tsawon gasar. An shafe fiye da shekara goma kafin ta ƙare, kuma wanda ya sayi Betamax a 1977 ya more ta shekaru da dama, domin ko ba fim ɗin haya yana iya naɗar shirye-shiryen talabijin da ita. Sony bai daina ƙera na'urar ba sai 2002, kaset ɗinta kuwa sai 2016. Ba haka abin ya kasance ga waɗanda suka sayi na'urar faifan bidiyo ta RCA mai amfani da allura ba, wadda ta fito a 1981 aka daina ƙera ta a 1984. Ita wannan ba ta naɗa, kunnawa kawai take yi. Ranar da aka daina buga faifanta, ranar amfaninta ya tsaya a kan abin da mai ita ya riga ya tara. Wannan bambanci tsakanin na'ura mai naɗa da mai kunnawa kawai zai sake bayyana a gaba.

3.0 SULHUN 1995

A farkon 1995 an kusa maimaita wannan tarihi. Sony da Philips, waɗanda suka haɗu suka fito da faifan sauti na CD a 1982, sun shirya sabon faifan bidiyo nasu. Toshiba da Time Warner da Matsushita da wasu kuma sun shirya wani dabam. Abin da ya hana rikici shi ne tsoma bakin kamfanonin kwamfuta, cikinsu har da IBM da Apple da Microsoft, waɗanda suka haɗa kai suka ce ba za su karɓi ko ɗaya ba sai an kawo musu tsari guda. Tun da su ne manyan masu sayen irin wannan kaya, tilas aka saurare su. A watan Satumba na 1995 aka yi sulhu, aka ɗauki ginin faifan Toshiba, wanda ya ƙunshi ɓari biyu masu kaurin milimita 0.6 da aka manne wuri ɗaya, aka kuma haɗa da dabarar rubuta bayanai ta ɓangaren Sony da Philips. Abin da aka haifa shi ne DVD, mai ɗaukar gigabayit 4.7 a shimfiɗa ɗaya.

DVD ya fito a Japan a watan Nuwamba na 1996, a Amurka kuma a watan Maris na 1997. Da yake babu shakku game da makomarsa, jama'a sun rungume shi da sauri, har a 2003 hayarsa ta zarce ta kaset ɗin VHS a Amurka. Na'urar da aka fara sayarwa ɗaruruwan daloli ta sauko ƙasa da dala 100 cikin 'yan shekaru. Amma wannan nasara ita ce ta shuka irin rikicin da ya biyo baya. Kamfanoni sun ga cewa riba ta daina zuwa daga ƙera na'ura, musamman da masana'antun ƙasar Sin suka shigo kasuwa. Ribar da ta dawwama tana wurin wanda ya mallaki haƙƙin ƙirƙira, domin ana biyansa lada a kan kowane faifai da kowace na'ura. Bisa ga haka kowane ɓangare ya ƙudura cewa a zagaye na gaba tsarinsa ne zai yi sarauta.

4.0 ASALIN SAƁANI

Na'urar faifai tana karanta bayani ne da siririn hasken leza, wanda ke bin wasu ƙananan ramuka da aka jera a jikin faifan. Gwargwadon gajartar zangon hasken, gwargwadon ƙanƙantar ramin da zai iya gani, gwargwadon kuma yawan abin da faifai zai ɗauka. CD yana amfani da haske mai zangon nanomita 780, DVD kuma da jan haske mai 650. Fim mai hoto garau ya fi ƙarfin faifan DVD, don haka ana bukatar haske mai gajeren zango. Wannan ya samu ne ta hanyar binciken Shuji Nakamura na kamfanin Nichia, tare da na Isamu Akasaki da Hiroshi Amano, waɗanda aka ba lambar yabo ta Nobel a 2014 saboda ƙirƙiro ƙwan lantarki mai shuɗin haske. Daga wannan aiki aka sami leza mai zangon nanomita 405, kuma duka tsarin biyu da ita suka yi amfani.

Inda suka rabu shi ne ginin faifan. A watan Fabrairu na 2002 kamfanoni tara, cikinsu har da Sony da Matsushita da Philips da Pioneer da Samsung da LG, suka sanar da Blu-ray. Su sun matso da shimfiɗar bayani kusa da fuskar faifai, rufin da ke kanta milimita 0.1 ne kawai, abin da ya ba su damar zuba gigabayit 25 a shimfiɗa ɗaya. Illar wannan ita ce ƙarzuwa kaɗan tana iya ɓata faifan, har na farko-farkonsa da aka sayar a Japan a 2003 a cikin kwanso suke, sai daga baya aka sami wani tauraren shafe da ke kare shi. Bugu da ƙari, buga shi yana bukatar sababbin injuna masu tsada. A watan Agusta na 2002 Toshiba da NEC suka gabatar da nasu, wanda ƙungiyar kula da tsarin DVD ta amince da shi a watan Nuwamba na 2003 da sunan HD DVD. Su sun bar kaurin rufi a milimita 0.6 kamar na DVD, saboda haka gigabayit 15 kawai yake ɗauka, amma tsofaffin injunan buga DVD suna iya buga shi bayan ɗan gyara. A taƙaice, ɗaya ya fi ɗaukar kaya, ɗayan ya fi sauƙin kuɗi.

A 2005 an zauna neman sulhu, amma zaman ya watse a watan Agusta. Wannan karon babu mai raba faɗa, domin kamfanonin kwamfuta su ma sun rabu. Microsoft da Intel suka bi HD DVD a watan Satumba, Dell da Apple kuwa suna ɓangaren Blu-ray. Haka ma masu shirya finafinai: Sony da Disney da Fox suna tare da Blu-ray kaɗai, Universal yana tare da HD DVD kaɗai, Warner da Paramount kuwa suka ce za su buga a kan duka biyun.

5.0 YADDA GASAR TA GUDANA

Toshiba ne ya riga shiga kasuwa. Ya fitar da na'urarsa a Japan ranar 31 ga Maris, 2006, a watan Afrilu kuma ya kai Amurka da iri biyu, ta dala 499 da ta dala 799. Na'urar Blu-ray ta farko a can, ƙirar Samsung, sai a watan Yuni ta fito, a kan kusan dala 1,000. Wanda ya dubi kanta a wannan lokaci zai ce HD DVD ya gama cin gasa: ya riga fitowa, ya fi araha da rabi, kuma tun ranar farko kowace na'urarsa tana da kafar haɗawa da intanet.

Amma Sony ya yi wata dabara da ta sauya lissafi. A watan Nuwamba na 2006 ya fitar da na'urar wasannin bidiyo ta PlayStation 3 a kan dala 499 da 599, kuma kowace ɗaya tana ɗauke da makaranciyar Blu-ray a cikinta. Wannan ya jawo masa tsada da jinkiri, har ƙarancin shuɗiyar leza ya sa bai kai ta Turai ba sai watan Maris na 2007, kuma da farko a kan asara yake sayar da ita. Microsoft kuwa bai sa HD DVD a cikin Xbox 360 ba, sai ya sayar da shi a matsayin ƙarin kaya na dala 199 ga mai so. Sakamakon haka miliyoyin gidaje suka mallaki Blu-ray ba tare da sun zauna sun zaɓe shi ba. A tsawon 2007 faifan Blu-ray ya riƙa fin na HD DVD ciniki a Amurka da kusan biyu bisa ɗaya.

Daga nan gasar ta koma ta neman magoya baya. A watan Yuni na 2007 kamfanin hayar finafinai na Blockbuster ya ce Blu-ray kawai zai ajiye a yawancin shagunansa. A watan Agusta Paramount da DreamWorks Animation suka koma HD DVD kaɗai, jaridar New York Times kuma ta ba da labarin cewa an ba su ihsani da ya kai dala miliyan 150. A watan Nuwamba kantunan Walmart suka karyar da wata na'urar Toshiba zuwa ƙasa da dala 100, dubban mutane suka yi rububinta. Wasu kamfanoni sun nemi tsaka-tsaki: LG ya ƙera na'ura mai karanta duka biyun a kan kimanin dala 1,200, watau kuɗin da ya isa a sayi kowace ɗaya dabam.

Ranar 4 ga Janairu, 2008, ana saura kwana kaɗan a buɗe babban baje kolin kayan lantarki na Las Vegas, kamfanin Warner ya sanar cewa zai bar HD DVD. Warner yana cikin mafi girman masu sayar da finafinan gida, kuma dalilin da ya bayar shi ne ruɗanin tsari biyu yana hana mutane sayen kowanne. Ƙungiyar HD DVD ta soke taron manema labarai da ta shirya a wurin baje kolin. Ranar 11 ga Fabrairu Netflix da Best Buy suka karkata ga Blu-ray, ranar 15 Walmart ya bi sahu, ranar 19 kuma shugaban Toshiba, Atsutoshi Nishida, ya sanar da daina ƙera HD DVD. A lokacin na'urorin HD DVD da aka sayar a duniya kimanin miliyan 1 ne, PlayStation 3 kuwa ta haura miliyan 10. Gasar da ta ɗauki Betamax da VHS fiye da shekara goma, wannan karon ba ta cika shekara biyu a kasuwa ba, kuma rugujewar ta faru ne cikin mako bakwai.

6.0 RABON MAI SAYE

Yanzu sai mu juya ga wanda aka yi duk wannan kokawa a kan aljihunsa. Everett Rogers, a littafinsa na 1962 kan yaɗuwar sababbin abubuwa, ya kasa jama'a gida biyar, daga 'yan ƙalilan masu rige-rigen gwada sabon abu, waɗanda ya ƙiyasta kashi 2.5 cikin ɗari, har zuwa 'yan baya-ga-dangi. Idan muka ɗora wannan rabo a kan tarihin da muka kawo, za mu ga masu saye iri huɗu.

Na farko shi ne wanda ya sayi HD DVD. Ya rage da na'urar da ba ta naɗa, wadda aka daina buga mata sababbin finafinai, kamar dai mai na'urar RCA. Best Buy ya ba irin waɗannan takardar sayayya ta dala 50 don lallashi, Warner kuma a 2009 ya buɗe hanyar musanya faifan HD DVD da na Blu-ray a kan ɗan kuɗi kaɗan. Wanda ya saya a watan Nuwamba na 2007 saboda karyewar farashi, wata uku kawai ya yi kafin labari ya sha bamban. Araha ba ta ado.

Na biyu shi ne wanda ya sayi Blu-ray tun 2006. Shi ya dace da zaɓi, amma bai tsira ba. An fitar da Blu-ray kafin a kammala tsarinsa, daga baya aka ƙara masa matakai biyu, ɗaya mai nuna ƙaramin hoto a cikin babba, ɗaya mai haɗawa da intanet. Yawancin na'urorin farko ba su iya hawa waɗannan matakai ba, ga nawar buɗe faifai. Kafin ƙarshen 2009 ana samun wadda ta fi su aiki a ƙasa da dala 100. Watau ya biya ninki goma don ya riga maƙwabcinsa da shekara uku.

Na uku shi ne mai PlayStation 3, wanda ya sayi na'ura mai aiki biyu. Ko da Blu-ray ya faɗi, wasanninsa suna nan. Daɗin daɗawa, ana sabunta manhajarta ta intanet, har ta hau duka matakan nan biyu.

Na huɗu shi ne wanda ya jira. Mafi yawan jama'a a nan suke, domin DVD ya ishe su, kuma hoto garau ba ya bayyana sai ga mai babban akwatin talabijin na zamani. Sai dai jiran ma da nasa hukunci. A watan Janairu na 2007, ana tsakiyar gasa, Netflix ya fara aika finafinai kai tsaye ta intanet. Blu-ray ya yi nasara a kan abokin gasarsa, amma bai taɓa kai matsayin da DVD ya kai ba. An fito da wani sabon nau'insa mai ninkin ɗigo huɗu a 2016, duk da haka Samsung ya daina fitar da sababbin na'urori a Amurka a 2019, Netflix ya rufe hayar faifai ta gidan waya a 2023, LG ma ya daina ƙera na'urar a ƙarshen 2024.

7.0 KASUWAR ƘASAR HAUSA

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa kyawun hoto ba shi ke yanke hukunci ba tana nan kusa da mu. Sana'ar fim ɗin Hausa ta bidiyo a kan kaset ɗin VHS ta tashi, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano a 1990. Kamar yadda Brian Larkin ya nuna a littafinsa na 2008, hanyoyin kwafa da rarraba kaset ɗin finafinan Indiya da na Amurka da 'yan kasuwar Kano suka riga suka shimfiɗa, su ne fim ɗin Hausa ya gada. Da lokacin barin kaset ya yi, faifan da ya fara mamaye kasuwa shi ne VCD, tsarin da aka fitar tun 1993, wanda Amurka da Turai ba su kula shi ba. Hotonsa bai wuce na VHS ba, kuma abin da yake ɗauka bai fi minti 74 zuwa 80 ba. Amma faifansa yana da araha, kwafarsa ba wuya, na'urorinsa ƙirar Asiya kuma talaka yana iya saye. Daga baya DVD ya shigo, sau da yawa an cusa finafinai da dama a faifai ɗaya, watau an sayar da kyawun hoto an sayi yawa.

Gasar Blu-ray da HD DVD kuwa ta zo ta wuce ba ta taɓa wannan kasuwa ba. Masu shirya finafinan Hausa ba su koma buga su a kan Blu-ray ba, mai kallo kuma ba shi da dalilin sayen na'urar da ba ta da fim cikin harshensa. Daga DVD sai aka tsallaka zuwa katin ajiya da shagunan tura finafinai a waya, sannan tashoshin tauraron ɗan'adam irin su Arewa24 da aka buɗe a 2014, da kuma YouTube. Ƙa'idar da ta kayar da Betamax a Amurka ita ce ta ɗaga VCD a Kano: mutum yana sayen na'urar da ke kunna abin da ake sayarwa a kasuwar garinsu.

8.0 ABIN DA TARIHI YA NUNA GAME DA LOKACIN SAYE

Daga abubuwan da suka gabata muna iya fitar da ma'aunai biyar.

Na ɗaya, a dubi kantar faifai kafin a dubi na'ura. Tambayar farko ita ce, su wa ke buga finafinai a wannan tsari, kuma finafinan da nake so suna ciki?

Na biyu, a lura da manyan dillalai. A 1995 kamfanonin kwamfuta ne suka tilasta sulhu, a 2008 kuma Warner da Walmart ne suka rufe gasa. Mai saye ɗaya ba ya yanke hukunci, amma yana iya sauraron waɗanda ke yankewa. Sa'ad da suka karkata gefe ɗaya, lokacin saye ya yi.

Na uku, karyewar farashi iri biyu ce. Akwai wadda yawan masu ƙira ke kawowa, kamar ta VHS da DVD, wannan alamar lafiya ce. Akwai kuma wadda kamfani ɗaya tilo ke yi don neman tsira, kamar ta Toshiba a ƙarshen 2007. Hanyar rarrabewa ita ce a ƙirga kamfanoni nawa ke ƙera na'urar.

Na huɗu, idan ba makawa sai an saya ana cikin gasa, to a sayi abin da ke da amfani na biyu, kamar rikoda mai naɗa ko na'urar wasa. Kuma a yi hattara da tara faifai, domin sau da yawa kuɗin da ke nutsewa a faifai ya fi na na'ura.

Na biyar, jira yana da iyaka. Sauri ya haifi nawa, gaskiya ne, amma wanda ya ce sai fasaha ta tsaya cik zai saya, jiran gawon shanu yake yi. VHS ya yi kimanin shekara ashirin yana mulki, DVD bai kai haka ba, Blu-ray kuwa tun kafin a naɗa shi magajinsa ya riga ya bayyana. Tazarar da ke tsakanin ƙarewar gasa da tsufan tsari tana ƙara ƙanƙancewa, don haka mai hankali yakan auna kuɗin na'ura da shekarun da yake tsammanin zai more ta.

9.0 KAMMALAWA

A cikin wannan takarda mun bi tarihin na'urorin kallo na gida tun daga 1975, mun ga gasa biyu da sulhu ɗaya. Mun ga cewa a kowane karo abin da ya rinjaya shi ne yawan abokan tafiya, kuma rige-rigen shiga kasuwa bai ceci Sony a 1975 ba, bai kuma ceci Toshiba a 2006 ba. Akwai sauran aiki a gaban manazarta, musamman tattara tarihin shigowar VCD kasuwannin Kano da Kaduna da Maraɗi daga bakin dillalan da suka yi cinikin, tun suna raye, da kuma adana finafinan da har yanzu a kan kaset da faifai kawai suke, alhali na'urorin kunna su suna ƙarewa. Muna fatan wannan ɗan tsokaci zai zama matashiya ga masu sha'awar ɗaukar wannan aiki.